Makunnin Wutar Ƙasa: A Hannun Wa Zai Kasance?

A watan Oktoba na shekarar 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu. Masu injin niƙa suka rufe, masu walda suka zauna, ruwan sanyi ya gagari talaka, asibitoci suka koma kan janareta. Dalili kuwa? An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana gyara, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya katse. Ashe rayuwar miliyoyin bayin Allah a kan layuka biyu take rataye!

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Wutar babban layi ba hatsi ba ce balle a zuba ta a rumbu. Abin da aka samar a Kainji ko Egbin, a wannan daƙiƙar ake shan sa. Aikin cibiyar kula da ke Osogbo shi ne daidaita samarwa da sha, ta riƙe bugun wutar a kan 50 cikin kowace daƙiƙa. Da zarar ma'aunin ya karkata da yawa, sai injuna su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari ana cewa wai babban layi ya faɗi.

To, duniya ta doshi inda kwamfuta ce ke wannan gadi. Na'urorin da ake kira SCADA suna nuna wa ma'aikaci halin kowace tasha nan take, ya buɗe layi ko ya rufe daga inda yake zaune. Shigowar wutar hasken rana, wadda gajimare ɗaya ke rage ta, ta ƙara wa aikin wuya. Hatta Sifen da Fotugal, duk da kayan aikinsu, sun afka duhu ranar 28 ga Afrilu, 2025. In ruwa ya ci gwani, ina ga ɗan koyo?

Su kuwa mahukuntan Nijeriya, abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne canja suna. NEPA ta 1972 ta zama PHCN a 2005. Daga baya aka yayyanka ta, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa. A 2023 aka yi dokar da ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, sannan aka cire aikin kula daga TCN aka miƙa wa sabuwar hukuma, NISO. Amma har yau mutum sama da miliyan 200 suna rabon megawat wajen 5,000. Kuɗin wuta ne kaɗai ke gudu: a Afrilun 2024 aka ninka wa 'yan rukunin A farashi sama da sau uku.

Abin tambaya a nan shi ne, wa zai riƙe makunnin, kuma wa zai tuhume shi? Mutanen Nijar sun ɗanɗana amsar a Agustan 2023, lokacin da aka yanke masu wuta saboda juyin mulki, alhali mafi yawan wutarsu daga Nijeriya take zuwa. Sojoji suka yi juyi, majinyata da masu ƙananan sana'o'i suka sha ukuba. Kwamfuta za ta sa irin wannan yankewa ta zama danna maɓalli ɗaya kawai.

Saboda haka wajibi ne jama'a su matsa a kan abubuwa uku. A ja ƙarin layuka zuwa Arewa, ta yadda in ɗaya ya katse wani zai ɗauka. Jihohi su yi amfani da dokar 2023 da ranar da Allah ya hore masu, su kafa ƙananan tashoshi masu iya tsayuwa da ƙafarsu in babban layi ya faɗi, a fara da asibitoci da gidajen ruwa. Sannan NISO ta riƙa bayyana wa kowa rabon kowane yanki da dalilin kowace faɗuwa.

Makunni amana ne. Wanda ke biyan kuɗin wuta yana kwana a duhu yana da haƙƙin ya san hannun da ya kashe masa. Allah ya kyauta.