Uwar Likita Ben Carson

Ɗalibai da yawa sun san Ben Carson, baƙar fatar Amurka, likitan da ya jagoranci raba tagwaye masu manne da kai a 1987. A ganina mahaifiyarsa Sonya ta fi shi cancantar yabo. Ben yana ɗan shekara 8 mijinta ya bar ta da yara biyu cikin talauci a birnin Detroit. Aikatau take yi, karatunta bai wuce aji uku ba. Duk da haka ta rage musu kallon talabijin, ta ce kowa ya karanta littafi biyu a mako, ya rubuto mata abin da ya fahimta. Takan karɓa ta sa alama, alhali da ƙyar take haɗa baƙi. Yaran ba su gane ba sai da suka girma.