Yaro Ya Iya Karatu, Me Za Mu Miƙa Masa?

Jama'a, ku shiga kasuwar duk wani babban gari a ƙasar Hausa, ku tsaya gaban mai sayar da littattafai, ku ce kuna neman littafin Hausa da zai gaya wa yaro ɗan shekara 9 yadda hadari yake haɗuwa, ko abin da ya haɗa sauro da zazzaɓi. Zai miƙo muku na addini, akwai su birjik, alhamdu lillahi. Zai nuna muku na soyayya. Zai zaro na Turanci masu tambayoyin jarrabawa. Wanda kuka zo nema kuwa, sai ya ce ku duba gaba, gaban ma haka za a ce muku.

Muna ta fama a sa yara makaranta, muna ta fama su iya haɗa baƙi. Ranar da yaro ya iya, sai mu bar shi hannu rabbana. Tsakanin littafin koyon karatu na aji ɗaya da labarin soyayyar manya akwai shekaru bakwai ko takwas na ƙuruciya, lokacin da yaro ya fi kowa tambaya, kuma ba mu tanadar masa komai cikin harshensa ba. Karatun da ba a samu abin karantawa da shi ba, zubewa yake yi.

Abin takaicin shi ne, da can ba haka muke ba. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya, ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. Kowa yana tuna gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kowa yana tuna Magana Jari Ce. Amma mutum nawa ke tuna cewa Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce ɗin nan, shi da East, sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu iri-iri na duniya da Hausa tsantsa? Dattawa da yawa a cikinsa suka fara cin karo da kimiyya, ba su kuma ji ta baƙuwa ba. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai masu araha kan tsafta da noma da kiwo da tarihi, domin an gane cewa wanda aka koya wa karatu dole a ba shi abin da zai riƙe. A 1966 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya gaji aikin. Daga baya tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, takarda ta koma sai an shigo da ita daga waje, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara hankalinsu kan littattafan jarrabawa. Littafin ilimi na yara da Hausa shi ne ya fara faɗuwa, ba a kuma ɗaga shi ba har yau.

A cikin wannan ƙuncin ne matasan Kano da sauran garuruwa suka yi abin da ya kamata mu koya. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa ba su jira kamfani ba. Suka rubuta, suka nemi kuɗi suka buga, suka kai kasuwa da kansu, har aka wayi gari ana maganar Adabin Kasuwar Kano a jami'o'in Turai. Ni ba na cikin masu zagin littattafan nan. Mata da yawa a kansu karatunsu ya zauna daram. Sun tabbatar mana da abu guda, cewa Bahaushe yana sayen littafi da kuɗinsa in an rubuta masa abin da yake so. Yara kawai aka manta.

Gwamnati fa? Tun 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa. A 2022 aka ce a kai shi duk shekaru 6 na firamare. A 2025 kuma aka soke, aka koma Turanci. A shekarar dai Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kowa yana da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, amma da mai goyon baya da mai adawa, tambaya ɗaya ke jiransu: da wane littafi za a koyar? Doka ba ta rubuta littafi. Shirye-shiryen masu ba da agaji, irin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, sun taimaka wajen koyon karatu, sai dai kuɗin baƙo ranar tafiyarsa yake bin sa. In ministoci sun sake sauya ra'ayi gobe, yaron da ke kwance a ɗakin uwarsa da Hausa yake tunani, da ita kuma zai yi tambaya.

Kada wani ya ce babu abin rubutawa. Ga gawo nan a gonakinmu, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani. Kowane manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Dalilin kuwa akwai shi: ba ya tare wa shuka rana lokacin da take bukata, ganyen da ya zubar yana zama taki, saiwarsa kuma tana tare da wasu ƙananan halittu masu jawo sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi daga iska. Wannan littafi guda ne cur. Ga karofin Ƙofar Mata a Kano, inda ake tsoma zane a ruwan baba ya fito tsanwa-tsanwa, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Malamin kimiyya zai kwashe mako yana bayanin wannan a allo, alhali marina suna yin sa kullum. Ga shamuwa da yara ke yi wa murna in ta sauka, alamar damina ta kusa. Wa ya taɓa zana musu taswirar tafiyarta daga kudancin Afirka? Ga tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru.

A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon kusan mita 8, wanda bincike ya nuna ya haura shekara 8,000, babu wanda aka samu da ya girme shi a Afirka. Ɗaliban ƙasashen waje suna karanta labarinsa, yaran Damaturu da Potiskum da yawa ba su taɓa ji ba. A Kure, kusa da Yamai, akwai garken raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma, da suka ragu zuwa kusan 50 a 1996, aka kare su har suka koma ɗaruruwa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru da suka wuce, wasu suna nan a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ku nuna mini yaron da zai ga hoton waɗannan ya ajiye littafin.

Wani ilimin ma rai yake cetowa. A 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, rashin sani ne. Da akwai ɗan littafi mai hotuna a hannun 'yar aji huɗu a gida guda cikin goma, da ta karanta wa uwarta. A gidajenmu sau da yawa yaro ne mai karanta wa manya takarda, don haka duk abin da ka rubuta wa yaro, gidan gaba ɗaya ka rubuta wa.

To, wa zai rubuta? A nan nake so mu gyara tunani. Mun saba ɗauka cewa littafi sai marubuci. Irin wannan littafin kuwa, mai sani shi ne farko. Likita da ungozoma, malamin gona, injiniyan lantarki, likitan dabbobi, malamar kimiyya da ta yi ritaya tana zaune a gida da ilimin shekara talatin a kanta, da ku nake. In alƙalaminku bai saba ba, ku nemi marubuci ku haɗa hannu, kamar yadda Imam da East suka yi. Marubutanmu kuma, masu iya riƙe mai karatu har littafi na uku, ku ara wa yara wannan baiwar. Ku je wajen maƙeri da majemi da masunci ku zauna, ku tambaya, ku rubuta.

Aikin yana da ƙa'ida, kada a raina shi don na yara ne. Littafi ɗaya, batu ɗaya. Shafi 16 ko 24 ko 32 ya isa, haka ma injin ɗab'i ya fi so, ya fi kuma sauƙin kuɗi. Jimloli gajeru, hoto a kowane shafi, hoton kuma ya zama na yaran da suka yi kama da mai karatun, da rumbu da randa da akuyar gidansu. Kada a ɗauko littafin Turanci a juye shi kalma-kalma, abin da zai fito ba Hausa ba ne, ba Turanci ba. Kada kuma a mayar da kowane shafi wa'azi. Yaro ya zo ne ya ji yadda ƙudan zuma ke gina saƙa, in an gaya masa da kyau zai yi tasbihi da kansa. Kafin a kai maɗaba'a, wani masanin fannin ya duba gaskiyar bayanin, wani masanin harshe ya duba ƙa'idojin rubutu, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ kowace ta zauna inda take. Kuskuren da yaro ya haddace daga littafi yakan bi shi har tsufa. Batun kalmomin kimiyya kuma kada ya tsayar da kowa. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, akwai sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, ga kafafen rediyo sun shekara da shekaru suna bayanin cuta da magani da Hausa. Alƙali na ƙarshe dai shi ne yaron: a tara 'yan unguwa su karanta da ƙarfi, duk inda suka yi tuntuɓe, laifin marubuci ne, ya koma ya gyara.

Sai kuɗi. Buga littafi mai launi yana da tsada, amma kowane mai maɗaba'a zai gaya maka cewa in kwafi ya yi yawa, kuɗin kowane ɗaya sauka yake yi. Alhaji, Hajiya, ku da Allah Ya hore wa: kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka da alheri. Malamai kuma sun sha gaya mana cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa. Ku ɗauki nauyin bugun littafi guda, ku yi waƙafinsa ga makarantun garinku. Abin da ɗan takara ɗaya ke kashewa kan fastocin da ruwan farko zai wanke ya isa ya sa littafi a hannun kowane ɗan firamare a mazaɓarsa. Hukumomin ilimin firamare na jihohi, wato SUBEB, su ware wani kaso su riƙa sayen irin waɗannan littattafai daga marubutan gida. Makarantun Islamiyya, da suka shiga lungun da gwamnati ba ta kai ba, su buɗe musu ƙofa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata marubuta masu yawa. Wani gidan rediyo ko attajiri ya sa irinta don littattafan ilimi na yara, ya ga abin da zai biyo baya.

Na san za a ce zamanin waya ne. A sa su a waya ma, babu laifi. Amma waya tana aljihun uba, tana fita kasuwa tare da shi, tana bukatar caji da data. Littafin takarda yana nan a ɗaki, wa ya gama ya bar wa ƙane. Iyaye, kuɗin katin mako guda ya sayi littafi. In an buga, ku saya, kuma ku guji na masu satar fasaha, don su ne ke karya marubuci tun a bugun farko.

Kai da kake karanta wannan, akwai abu guda da ka sani fiye da maƙwabtanka, ko gyaran famfon burtsatse ne, ko kiwon kaji, ko tarihin ganuwar garinku. Ka samu takarda cikin makon nan, ka rubuta shi yadda za ka gaya wa ɗanka, ka kira yaran gidanku su karanta maka, sa'an nan ka nemi mai zane.