Kafin ka sa kifin teku a falonka

Mu mazauna Legas muna yawan ganin akwatin gilashi na kifin ado a otal-otal da ofisoshi, kuma na lura wasu 'yan uwanmu sun fara sha'awar ajiye irinsa a gida, musamman na ruwan teku mai kifaye masu launi. Sha'awa ba laifi ba ce. Amma ra'ayina shi ne, duk wanda bai tanadi wuta da haƙuri ba, to kada ya fara.

Ka san kifin teku ba tarwaɗa ba ne da za ta kwana a bokiti ta wayi gari lafiya. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma haka ake so na akwatinka ya tsaya kullum. Gishirin miya ba ya yi, akwai na musamman da ake haɗawa da tataccen ruwa, a gwada da ma'auni. Kada wani ya ce ka ɗebo a lagun, domin gishirinsa na sauka da damina ya hau da rani, ga ƙazanta. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwa zalla za ka ƙara, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba.

Mutane na zaton ƙaramin akwati ya fi sauƙi. Ba haka ba ne. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin lalacewa, shi ya sa na fi son mai farawa ya nemi na lita 80 zuwa 100.

Sai maganar haƙuri. Bayan ka zuba yashi da duwatsu da ruwa, sai ka bar shi mako 4 zuwa 6 babu kifi ko ɗaya. A lokacin ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke yaɗuwa, su ne ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Wanda ya yi gaggawa, gawa zai kwashe. Daga nan ka fara da kifi biyu kacal, kamar irin mai ruwan lemo da farin zane da yara suka sani a fim ɗin Finding Nemo na 2003. Shuɗin nan abokinsa kuwa ka bar shi, babban akwati yake buƙata.

Babbar matsalarmu ita ce wuta. Famfon da ke juya ruwa shi ne numfashin kifin, kuma ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. A ɗauke wuta dare guda, ka iya rasa komai. Don haka inbata ko ƙaramin famfon iska mai batir ya zo kafin kifi. Ana son zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, ka ga a nan fanka za ka fi nema, ba hita ba.

Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Kifin da ka kulle a gilashi amana ne a wuyanka. In ba za ka iya ba, ka fara da kifin ruwan daɗi, babu abin kunya a ciki.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.