Matashi da Koyon Wasan Kwaikwayo

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu a tsakanin matasa cewa wasan kwaikwayo baiwa ce tsagwaronta, wanda Allah ya ba shi ba ya bukatar koyo. Tun daga shekarar 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, samari da 'yan mata da dama suka riƙa ɗaukar cewa kyan fuska da ƙarfin hali sun isa mutum ya tsaya gaban kyamara. A ganina wannan kuskure ne babba. Baiwa iri ce, iri kuwa ba ya tsiro sai an shuka shi an yi masa noma.

Matakin farko shi ne lura da jama'a. Yaron da ya manna audugar gemu a lokacin tashe, ya duƙa yana dogara sanda, ya riga ya fara wannan darasi, domin sai da ya kalli tsoho kafin ya kwaikwaye shi. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya yi aikin soja, kuma daga rayuwar bariki ya ɗebo tafiya da tsawa da Hausar barikanci da suka sa masu kallo suka gaskata shi. Saboda haka ɗalibi ya zauna a kasuwa da tasha da zauren mai unguwa, ya ga yadda dillali ke rantsuwa da yadda bafade ke faɗuwa gaisuwa.

Na biyu, murya da harshe. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, daga rediyo suka faro, inda ba fuska ba tufafi, sai murya kaɗai ke nuna wa mai sauraro fushi ko kunya. Ɗan wasan da bai kula da karin sauti da tsawon wasali ba, zai iya cewa gari alhali gāri yake nufi. Wanda kuma aka ba shi matsayin Basakkwace ya yi Kananci, ya ɓata wasan tun daga jimlar farko.

Na uku, a fara da daɓe kafin kyamara. A fim ana tsayawa a sake ɗauka, a daɓe kuwa babu wannan rangwame. Nan ne matashi ke koyon haddace lafuzza, da sauraron abokin wasa, da jure idon jama'a. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Stanislavski, ya gina koyarwarsa ne a kan ɗan wasa ya tambayi kansa abin da zai yi da shi ne a cikin halin da ake nunawa, kuma maimaici ne ke kai mutum ga amsar.

A nan nauyi ya hau kan malami. Bai kamata Uwar Gulma ta Mohammed Sada ko Kulɓa Na Ɓarna ta Umaru Ɗanjuma Katsina su ƙare a karatun jarrabawa ba. A raba wa ɗalibai matsayi, a share fili a gaban aji, a gyara musu tsayuwa da furuci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗan wasan da makaranta ta horar ba zai ruɗu da sunan da bai yi wa aiki ba.