Gwamen yara: ba laifin goyo ba ne

Duk wanda ya tsaya bakin layi a Tudun Jukun da ke Zariya lokacin tashi daga Islamiyya zai hango su cikin ayarin yara: wannan gwiwoyinsa na gugar juna, wancan ƙafafunsa sun buɗe kamar baka. Tambayi kakanni, su ce goyo ne ya yi yawa, ko an yi gaggawar tsayar da yaro. Goyo dai ba shi da laifi.

Akasarin wannan lanƙwasa girma ne kawai. Jariri da ƙafar baka ake haihuwarsa, ta miƙe wajen shekara biyu. Daga uku zuwa huɗu sai gwame ya bayyana, kafin shekara bakwai ko takwas ya daidaita da kansa, ba shafe-shafe, ba ɗaure ƙafa da kara.

Wanda ya kamata ya tayar wa iyaye hankali daban yake. Lanƙwasar tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ta kama ƙafa ɗaya, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya makara wajen tafiya, yana kukan ciwo. Sau da yawa wannan laushin ƙashi ne, wanda likitoci ke kira riket. A Turai rashin hasken rana ke kawo shi. Zariya kuwa ai rana sai dai a ba wani. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi kan yara 123 a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da aka ba sinadarin kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Matsalar a kwanon abinci take: an yaye yaro, an bar shi da kokon masara safe da tuwo dare, nono ya zama na ranar da aka samu.

Abin takaicin, maganin na kusa da gida. Nono, garin ƙananan kifi da aka daka har da ƙaya, kuka, zogale da riɗi duk suna gina ƙashi.

Mai ɗori gwani ne a karaya, amma ƙashi mai laushi ba aikinsa ba ne. Idan aka yi sake har ƙashin ya ƙeƙashe a karkace, sai tiyata a asibitin Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala, da kuɗin da ba kowane magidanci ke da shi ba. Uwar da ta ga ɗaya daga alamomin nan ta kai yaro asibiti a ɗauki hoton ƙafa da wuyan hannu tun bai shiga firamare ba.