Kishin Hera Ba Kishin Ubangiji Ba Ne

Akwai wata magana da ta fara yawo a bakin 'ya'yanmu masu boko, wai Allah na Littafi Mai Tsarki bai bambanta da allolin Helenawa ba, tun da Fitowa 20:5 ta kira shi mai kishi. 'Yan'uwa ƙaunatattu, wanda ya faɗi haka bai karanta tatsuniyoyin Helenawa da idon basira ba. Bari mu buɗe su mu gani.

Hera ita ce matar Zeyus, wanda Littafinmu ya kira Zafsa. Mijin nan mazinaci ne, amma ba a kansa fushinta yake sauka ba. Ayo, budurwar da ya yaudara, ita aka mayar saniya, Hera kuma ta sa ƙuda mai cizo ya yi ta korarta har ƙasar Masar. Herakulis, ɗan da Zafsa ya haifa a waje, ta jefa masa hauka har ya kashe 'ya'yansa da hannunsa. Wanda ya taɓa zama a gidan da kishiya ta huce haushinta a kan ɗan kishiya ya san irin wannan kishi, bai kuwa taɓa kiransa tsarki ba.

Obid, mawaƙin Roma na zamanin Kaisar Augustas, ya tattara irin waɗannan labarai. Arakini gwanar saƙa ce. Ta yi gasa da allahiya Atena, aka rasa aibi ko ɗaya a zanenta, sai ta ƙare a gizo-gizo. Medusa kuwa, allahn teku ne ya yi mata fyaɗe a cikin haikalin Atena, amma gashin Medusa ne ya koma macizai. Mai laifin ya kama gabansa. Aktayon maharbi ya yi tuntuɓe da Artimas tana wanka, ba da gangan ba, ta mayar da shi barewa, karnukansa suka yayyage shi. Ita ce fa Artimas ɗin da Afisawa suka yi wajen sa'a biyu suna yi wa kirari a Ayyukan Manzanni 19. Ina shari'a a nan? Ina gargaɗi, ina ƙofar tuba?

Su kansu Helenawa abin ya ishe su. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da ɗora wa alloli sata da zina da yaudara. Daga baya Aflatun ya ce kada a koya wa yara irin waɗannan labarai.

Za a ce mini, ai ayar Fitowa ta ambaci hukunci har tsara ta uku da ta huɗu. Gaskiya ne, ba na kuwa ɓoye ta a aljihu. Amma a karanta aya ta 6, inda jinƙai ya kai dubbai, a haɗa da Ezekiyel 18, inda aka hana ɗa ɗaukar alhakin ubansa. Allolin nan hassada suke yi, don gwanintar mutum tana rage musu daraja. Ubangiji ba abin da ya rasa. Kishinsa na mijin da ya ɗaura alkawari ne, wanda ya aiki Yusha'u ya fanso matar da ta ci amanarsa. La'anar ma, in ji Galatiyawa 3:13, Ɗansa ne ya ɗauke ta a kan gicciye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wa'azin da ke tsorata gwauruwa da bakarariya da "la'anar kakanni", sa'an nan su yanka kuɗin warwarewa. Allahn da suke kwatantawa ya fi kama da Hera.

Ku tuna da Listira. Obid ya ba da labarin yadda Zafsa da Hamisa suka ɓad da kama a Firijiya, suka nutsar da duk waɗanda suka hana su masauki. A ganina, tsoro irin wannan ne ya sa firist ya garzayo da bijimai sa'ad da Bulus ya warkar da gurgu. Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu, suka nuna wa taron Allahn da ya daɗe yana ba su damina da amfanin gona alhali ba su san sunansa ba.