Dokokin Haraji: Darasin Da Ke Cikin Sulhun Da Ya Kawo Ƙarshen Taƙaddama

Lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya miƙa wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu a watan Oktoban 2024, mutane ƙalilan ne suka yi tsammanin za su zama doka. Kafin watan ya ƙare, gwamnonin jihohin Arewa 19 da sarakunan yankin sun yi taro a Kaduna inda suka yi watsi da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki na VAT. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ma ta ba da shawarar a janye ƙudurorin domin ƙara tuntuɓa, amma fadar shugaban ƙasa ta ce a bar majalisa ta yi aikinta.

Tushen rigimar shi ne shawarar ɗaga kason da ake bai wa jiha gwargwadon harajin da aka tara a cikinta daga kashi 20 zuwa kashi 60 cikin ɗari. Jihohi da dama sun ji tsoron cewa Legas, inda manyan kamfanoni ke da hedikwatarsu, ita ce za ta kwashe kaso mafi tsoka. Nan da nan muhawarar ta koma ta ɓangaranci.

Al'amura sun sauya ne bayan da ɓangarorin suka zauna suka dubi alƙaluma. A watan Janairun 2025, Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya, wadda ta haɗa gwamnonin jam'iyyu daban-daban, ta gana da kwamitin Taiwo Oyedele, ta kuma fito da matsaya guda: kashi 50 a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa abin da jiha ta samar. Gwamnonin sun kuma nemi a bar harajin a kan kashi 7.5, kada a ƙara.

Dokokin da shugaban ƙasa ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun bi wannan tafarki. Gwamnatin tarayya ta rage kasonta na VAT daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya ƙaru zuwa 55. Kason kashi 30 ɗin kuwa an ɗora shi ne a kan inda aka yi amfani da kaya ko hidima, abin da zai amfani jihohi masu yawan jama'a da kasuwanci irin su Kano. Kowane ɓangare ya saki wani abu, ya kuma samu wani.

Wannan darasi yana da muhimmanci ga aikin gyaran kundin tsarin mulkin 1999, musamman batun 'yan sandan jihohi da 'yancin ƙananan hukumomi. Sashe na 9 ya tanadi cewa gyara ba ya tabbata sai da amincewar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa ta tarayya, da kuma majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36. Babu shiyyar da ke da wannan adadi ita kaɗai.

Saboda haka wajibi ne masu ruwa da tsaki su fara tuntuɓar juna tun kafin a kai ƙuduri zauren majalisa. Da an yi hakan a 2024, da ƙasar ta huta da watanni na zargin juna.